Fim ya ƙare, ba wanda ya fita da kiɗansa a baki: nazarin wani aiki a Maradi

Fim ɗin na wata ƙungiyar matasa ce a Maradi, tsawonsa minti 78. Labarin wata bazawara ce mai tuyar ƙuli-ƙuli da sayar da man gyaɗa, da ɗanta tilo da ya kama hanyar Agadas da niyyar tsallakawa Libiya, da wani ɗan kasuwa da ke bin gidan bashi. Hoto ya fita, ƴan wasa sun yi ƙoƙari, magana ana jin ta rangadau. Kafin a sake shi, an nuna wa mutum kamar talatin a tsakar wani gida, da aka kunna fitila sai aka yi musu tambaya ɗaya: wa zai iya rera kiɗan fim ɗin da baki? Ba a samu ko mutum ɗaya ba. Wasu ma cewa suka yi su ba su ji an yi kiɗa ba, alhali a cikin minti 78 ɗin nan, minti 61 akwai kiɗa a ƙarƙashin hoto.

Ba laifin kunnen masu kallo ba ne. Cikinsu akwai matan da har gobe suna rera karin waƙoƙin finafinan Indiya da suka kalla tun suna ƴan mata, ba tare da sun san ma'anar kalma ɗaya ba. Akwai mazan da in suna wajen filin kokowa, tun ba su shiga ba, ganga kaɗai za ta gaya musu wane ɗan kokowa ya fito. Kunnen da ya iya wannan ba zai kasa riƙe kiɗan fim ba, sai dai in ba a ba shi abin riƙewa ba.

Ga yadda aka yi kiɗan tun farko. Mai montaj, wato mai yanka da jera hotuna a kwamfuta, ba ya son aiki a kan hoto shiru, haka kuma darakta ba ya iya hukunci a kan fitowar da ba ta da sauti. Sai ya ɗebo kiɗa daga finafinan Amurka na ƴan shekarun nan ya shimfiɗa a ƙarƙashin kowace fitowa, da niyyar a cire daga baya. Wannan shi ake kira kiɗan aro. Wata biyu ana montaj da shi, darakta yana kallo safe da yamma, har kunnensa ya saba, ya zamana duk wani abin da aka kawo daban sai ya ji kamar an ɓata masa fim. Da aka kira mai fiyano, wanda aikinsa na kullum shi ne haɗa kiɗan waƙoƙin biki da tallan rediyo, umarnin da aka ba shi guda ne: ka yi mana irin wannan, amma kada ya zama shi sak, don kada YouTube ta kama mu. Aka ba shi kwana biyar.

Minti 61 a kwana biyar, minti 12 ke nan kowace rana. A can Holiwud, inda sana'ar ta kafu, mai tsara kiɗan fim da ke rubuta wa babbar ƙungiyar makaɗa yakan fitar da minti biyu zuwa uku a yini, kuma ana ganin ya yi aiki. Wanda aka ce ya yi goma sha biyu ba shi da lokacin neman kari. Abin da zai yi shi ne ya danna amo ɗaya mai kauri ya riƙe, ya sa gangunan kwamfuta suna bugawa a kai, in fitowa ta yi zafi ya ƙara ƙarfi, in ta yi sanyi ya rage. Haka ya yi, kuma babu mai ganin laifinsa.

Abin da ya faru a wannan ƙaramin ɗakin montaj shi ne abin da ya faru a Holiwud, sai dai can da kuɗi masu yawa. Don haka yana da kyau a san abin da aka aro, da yadda shi kansa ya rasa karinsa.

Mu a Nijar in an ce orkes, hankali kan tafi ga masu jita da ganga da ke wasa a dandali. Abin da ake nufi a nan daban ne: ƙungiya ta mutum 70 zuwa 90, fiye da rabinsu masu gogen Turawa manya da ƙanana, sai masu busa sarewa iri-iri, masu ƙahonnin tagulla, da masu ganguna, duk suna bin hannun mutum ɗaya. Da irin wannan ƙungiya Holiwud ta gina kiɗan fim tun daga 1933, lokacin da Max Steiner ya yi wa King Kong kiɗa da makaɗa 46. Dabarar da shi da takwarorinsa suka zo da ita daga Turai ita ce a ba kowane mutum, ko wuri, ko wani al'amari a cikin labari, ɗan gajeren kari nasa na kansa, wanda zai riƙa dawowa duk lokacin da abin ya taso.

Bahaushe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan, domin sunansa take. Sarki yana da takensa a tambari da algaita, mahauta suna da nasu a kalangu, maƙera a dundufa, manoma a gangar noma, kowane ɗan kokowa da ɗan dambe da nasa. Take gajere ne, na mutum ɗaya ne, ana maimaita shi har ya zauna, kuma in an buga shi kowa ya san wa ake nufi ko da bai bayyana ba. Kiɗan Jaws na 1975, wanda John Williams ya yi, tushensa amo biyu ne kacal da ke bin juna, amma da zarar sun fara, mai kallo ya san babban kifin nan mai cin mutane da labarin ke kansa yana kusa. Take ne, ba wani abu ba. Star Wars na 1977, wanda ƙungiyar London Symphony Orchestra ta buga, tarin take ne: na jarumi, na gimbiya, na tsohon malaminsa. Howard Shore ya yi haka da take masu yawa a The Lord of the Rings tsakanin 2001 da 2003. A ganinmu abin da mutane ke kewa in sun ce kiɗan fim na da ya fi daɗi ba yawan makaɗa ba ne. Manyan finafinan yau ma ana ɗaukar kiɗansu da makaɗa 80 a Landan ko Budafes ko Firag. Take ne ya ɓace.

Dalilin ɓacewarsa na farko shi ne kiɗan aron nan. Ba sabon abu ba ne: a 1968 Stanley Kubrick ya sa Alex North ya rubuta wa 2001: A Space Odyssey kiɗa, daga ƙarshe ya ajiye shi gefe ya bar kiɗan da ya yi montaj da shi. Amma a lokacin da ake yanka fim da hannu, sa kiɗan aro wahala ne. Da montaj ya koma kwamfuta a shekarun 1990, sai ya zama aikin daƙiƙa kaɗan, kuma ya zama dole, tunda ana nuna wa masu kuɗi da masu kallon gwaji fim tun bai kammala ba. Fim ya aro daga na bara, na bara ya aro daga na bara waccan. Kari shi ne abin da doka ta fi karewa, wanda ya kwaikwayi karin wani zai iya tsintar kansa a kotu, don haka mai kwaikwayo yakan ɗauki bugu da kauri da yanayi, ya bar karin. In aka yi haka sau goma a jere, abin da zai rage shi ne ruwan miya babu nama.

Kwamfutar ta kawo wani abu kuma: ba a rufe montaj. A da, sai an gama yanka an ce ba sauran canji, sannan mai kiɗa ya zauna ya auna kowace fitowa da daƙiƙa. Yanzu ana iya cire daƙiƙa huɗu daga tsakiyar fitowa ana saura kwana uku a saki fim. Kari kamar jimla yake, in ka cire masa tsakiya ya lalace. Amo ɗaya da aka riƙe, ko bugu mai maimaita kansa, ana iya yanke shi ko'ina ba wanda zai lura. Masu kiɗa sun koyi rubuta abin da zai jure almakashi.

Sai saurin yanka. Masanin fim David Bordwell ya nuna cewa tsakanin 1930 da 1960 hoto ɗaya a finafinan Holiwud yakan zauna daƙiƙa 8 zuwa 11 kafin a yanka, amma zuwa farkon wannan ƙarni ya koma tsakanin 3 da 6, na faɗa ma ƙasa da haka. A yi lissafi. Kari mai tafiya a natse, bugu 80 a minti, gaɓa ɗaya mai bugu huɗu tana cin daƙiƙa 3. Cikakken take mai gaɓa takwas yana bukatar daƙiƙa 24 da ba magana, ba harbi, ba ƙarar mota. Fim ɗin Maradi yana da yanka kusan 1300, wato hoto yana canjawa duk bayan daƙiƙa uku da rabi, kuma da aka bi shi daga farko zuwa ƙarshe ba a samu wuri ɗaya da aka yi daƙiƙa 24 ba a yi magana ba. Ko da mai fiyanon ya zo da take, babu inda zai sauke shi.

Akwai kuma canjin lasifika. Daga 1992, da tsarin sauti na Dolby Digital ya shiga gidajen silima, layi na musamman don sauti mai kauri da ke girgiza kujera ya fara zama ruwan dare. Hans Zimmer da waɗanda suka koya a wurinsa sun yi amfani da wannan da gwaninta: rurin ƙahonnin Inception a 2010, da sautin Dunkirk na 2017 mai kama da yana hawa ba ya kaiwa, haɗe da ƙarar agogo. A gaskiya wannan kiɗan yana aikinsa a babban zaure, yana kama ƙirji, kuma wasu daraktoci da gangan suke guje wa kari don kada a ce suna yi wa mai kallo dole ya yi kuka. Ra'ayi ne, ana iya girmama shi. Amma an gina shi ne don zauren da ke da manyan lasifikoki, mu kuwa a nan fim a waya ake kallonsa, ko a ƙaramar talabijin a shagon mai shayi. Lasifikar waya kusan ba ta fitar da abin da ke ƙasa da 200 zuwa 300 Hz (ma'aunin kaurin sauti ke nan, ƙaramar lamba ita ce sauti mai kauri), shi kuwa amon da mai fiyano ya riƙe yana yawo ne tsakanin 40 da 100. Waɗanda suka ce ba su ji kiɗa ba gaskiya suka faɗa. An nuna musu fim ɗin da ƙaramar lasifikar Bluetooth, rabin kiɗan bai ma fito daga cikinta ba.

Gyaran

An ɗage sakin fim da mako uku. Abu na farko da aka yi shi ne cire kiɗan gaba ɗaya, na aro da na kwaikwayo, aka sa darakta ya kalli fim ɗinsa sau biyu da magana da sautin wuri kawai. Kallon farko ya sha wahala. A na biyu, shi da mai montaj da mai fiyano suka zauna da takarda, suna tsayar da fim suna rubuta inda kiɗa zai shiga, inda zai fita, da dalili. Duk inda aka rasa dalilin da ya wuce "wurin ya yi shiru", an bar shi shiru. Minti 61 ya koma 27, a wurare 19. Fitowar kasuwa, da ta tsakar gida inda ake daka da suya, ba su bukatar komai, sautin taɓarya da na mai a kasko ya wadatar.

Sannan aka nemi take uku, ɗaya na uwar, ɗaya na ɗan, ɗaya na mai bin bashi, kowanne da kayan kiɗansa. Uwar goge, ɗan sarewa, mai bashi kalangu. Wannan rabon ba sabon abu ba ne ko a can. Ennio Morricone ya ba kowane babban ɗan wasa a Once Upon a Time in the West na 1968 sautinsa, ya kuma rubuta kiɗan tun kafin a fara ɗauka, har ana kunna shi a wurin aiki. Na kusa da mu shi ne Black Panther na 2018: Ludwig Göransson ya je Sanigal, ya yi yawo tare da Baaba Maal, ya ɗauko tama, wadda ƴar'uwar kalangu ce, ya sa tana kiran sunan sarkin da ke cikin labarin, ya ba abokin gabansa sarewar Fulani, sannan ya ɗora babbar ƙungiyar makaɗa a kai. Ya ci kyautar Oscar da shi a 2019. Yana cikin ƙalilan na wannan zamani da mutane ke ganewa daga bugu biyu, kuma abin da ake ganewa ɗin daga yankinmu aka ɗauko shi.

Hanyar samo karin ita ce ta makaɗanmu. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, kalangu ma maganar yake kwaikwaya. Sai aka rubuta wa kowane mutum ɗan gajeren kirari, kalma huɗu ko biyar, ba don a furta a fim ba. Aka sa mutum ya riƙa faɗin kirarin a hankali yana jan murya, har hawa da saukar suka fito fili, sannan aka cire kalmomin aka bar karin. Ƙa'idar da aka bi: kada take ya wuce amo bakwai ko takwas, kada tazararsa daga ƙasa zuwa sama ta fi abin da muryar kowa za ta iya kaiwa, kuma ya kasance yana da wuri ɗaya da yake yin abin da kunne bai zata ba, tsalle ko ɗan jinkiri, don nan ne ƙwaƙwalwa ke kamawa. Gwajin kuwa mai sauƙi ne. A rera wa yaro sau uku da safe, a tambaye shi da la'asar. In ya kawo, an samu. Taken uwar sai a karo na huɗu ya tsallake wannan gwaji.

Mai gogen dattijo ne da ya shekara yana wasan biki, bai taɓa yin fim ba. Da aka fara nuna masa fitowar da uwar ke zaune a bakin ƙofa bayan tafiyar ɗanta, sai ya cika wurin da ado, yana hawa yana sauka kamar yadda ya saba a taro. Darakta ya ce, "Baba, a rage kwalliya, a bar shi tsurarsa." Dattijon ya ajiye gogen a cinya ya ce, "Ɗana, to ka bar ni in gan ta tukuna, ban san wadda nake yi wa ba." Aka mayar masa da fim ɗin daga farko, ya kalli minti ashirin bai ce uffan ba. Da ya sake ɗaukar gogen, ya ja taken sau ɗaya a hankali, ya riƙe amon ƙarshe har ya mutu da kansa. Wannan ɗaukar ce ke cikin fim. Ya kamata duk mai irin wannan aiki ya sa a tsarinsa cewa makaɗi zai kalli labarin kafin ya taɓa kayansa.

Domin taken ya samu wurin zama sai da aka koma montaj, kuma nan ne aka fi ja-in-ja. An tsawaita wurare uku, ga biyu daga ciki. Hoton uwar a bakin ƙofa, wanda da daƙiƙa 6 ne, ya koma 26, aka dawo da ɗaukar da aka yar. Farkon fim, inda da sunaye ke wucewa a kan baƙin allo, aka sa hotunan gari da asuba na minti ɗaya da rabi, taken uwar yana tafiya cikakke sau biyu ba abin da ke takara da shi. Wannan ma wani abu ne da finafinan yau suka zubar: da yawansu sun mayar da sunaye ƙarshe, sun rasa minti biyun da a da ake koya wa mai kallo kari tun bai san labarin ba. Taken uwar ya fito sau bakwai a fim ɗin, amma ba iri ɗaya ba. Cikakke a farko, rabi kawai ranar da aka zo ɗaukar kayan ɗakinta, da sauri da ƙwarya a ƙarƙashi ranar da saƙon ɗanta ya iso, a ƙarshe kuma sarewar ɗan ce ta busa shi. Maimaitawa da ɗan canji ita ce ke sa kari ya zauna ba tare da ya gundura ba.

Wajen ɗaukar sauti an yi kurakurai da ya dace a faɗa. An fara a ɗakin siminti mai rufin kwano, sautin goge ya riƙa dukan bango yana dawowa da ƙara mai kaifi. Aka koma ɗakin ƙasa mai rufin azara, aka shimfiɗa tabarmi biyu, aka jingina katifa a bangon da ke fuskantar makaɗi, aka rataya bargo a ƙofa. Fanka dole a kashe ta, don haka ba a wuce minti goma sha biyar a rufe sai a buɗe a sha iska. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar isha da ƴan kabu-kabu suka ragu, muddin ba gidan da ya tayar da gurup, wato janareta, a kusa. Makirufo ga goge, kamar kamu biyu daga ƙoƙon, a ɗan karkace, don in ya fuskanci tsirkiya kai tsaye ƙarar gugar izga ce za ta fi yawa. Ga kalangu, nisan hannu guda, kuma a bar wa ma'aunin sauti sarari, kada bugu mafi ƙarfi ya wuce -12 dB a ma'aunin ƙarfin sautin, domin in ya fashe ba ya gyaruwa. Duk a ɗauka a 48 kHz kamar sautin bidiyo. An gwada algaita don fitowa ɗaya aka fasa: kayan fili ce, a ɗaki tana cika ko'ina, kuma da an ji ta hankali ke tafiya fada, labarin kuwa ba na sarauta ba ne.

Kuskuren da ya fi cin lokaci na saiti ne. Fatar goge tana bin yanayi, in iska ta bushe sai ta ɗaure sauti ya hau, in da laima sai ta saki. An ɗauki rabin taken wani dare, rabi bayan kwana biyu da aka yi yayyafi, da aka zo haɗawa suka ƙi zama tare. Dole aka sake. Daga nan aka riƙa ajiye amo ɗaya a waya, ana kunna wa dattijon ya daidaita kafin kowace ɗauka. Sai kuma rigimar goge da fiyano. Fiyano ta raba tsani, wato tazarar da ke tsakanin amo da takwaransa na sama, gida goma sha biyu daidai wa daida, goge kuwa yatsa ne ke neman amo, kuma wasu amonsa suna faɗawa tsakanin maɓallai biyu. Da mai fiyano ya shimfiɗa cikakken haɗi na amo uku a ƙarƙashi, sai gogen ya zama kamar shi ne ya kauce. An yi shawarar gyara gogen da manhaja, aka gwada, ya fito kamar roba. Mafita ita ce fiyano ta bi goge: a ɗauki goge tukuna, a matsar da saitin fiyano ya dace da amon da makaɗin ke komawa kansa, sannan a riƙe amo biyu kawai a ƙasa, tushe da na biyar ɗinsa, a bar tsakiya fili. Gogunan Turawa na cikin rumbun sautukan kwamfuta an yi amfani da su a wurare huɗu kacal, can baya, don su ba da faɗi.

Wajen haɗa sauti, goge da sarewa suna zaune ne a yankin da muryar mutum take, don haka in ana magana suna danne ta. An bi doka ɗaya: take ba ya tafiya a ƙarƙashin magana. Ko dai ya shigo kafin a buɗe baki, ko bayan an rufe. Inda dole kiɗa ya ci gaba ana magana, amon ƙasa kawai ake bari, a sauke shi da dB 15 zuwa 20 ƙasa da murya. Kuma kowane haɗi sai an saurare shi a lasifikar waya mai araha kafin a amince, ba a manyan lasifikokin ɗakin aiki kaɗai ba.

An sake nuna fim ɗin ga wasu mutane daban, a tsakar gida, da irin waccan ƙaramar lasifikar. Taken uwar ya kama. Tun kafin a tashi an ji wata yarinya tana rera shi tana naɗe tabarma, kuma da aka tambaya fiye da rabin mutanen sun kawo shi, wasu da ɗan kuskure a ƙarshe. Kalangun mai bashi ya kama har ya wuce gona da iri: akwai fitowar da ake so zuwansa ya zama ba zato, amma da kalangu ya yi magana sai mutane suka fara "ga shi nan" tun yana bayan ƙofa. An cire kiɗan daga wannan wurin, ya shigo shiru, kuma shirun ya fi tsoratarwa domin an riga an saba wa mutane da cewa ba ya zuwa sai da sanarwa. Williams ma ya yi wannan dabarar a Jaws, inda ya bar kifin ya ɓullo sau ɗaya ba tare da amon nan biyu ba.

Taken ɗan bai kama ba, ba wanda ya iya kawo shi. Da aka bincika, dalili biyu ne. Karinsa yana gangarowa daga sama zuwa ƙasa kamar na uwar, sai kunne ya haɗe su ya riƙe wanda ya fi ji. Sannan uku daga cikin wurare biyar da ya fito a tasha ne ko a bayan babbar mota, inda rurin inji ke cinye sarewa. Gyaran da ya dace shi ne a juya karin ya zama mai hawa, a kuma ba shi fitowa ɗaya a sahara da dare ba inji ba magana. Babu irin wannan hoton a cikin abin da aka ɗauka, kuɗin komawa ɗauka kuma ya ƙare, don haka aka saki fim ɗin a haka.

Fitowa ɗaya ta rage da kiɗan kwaikwayo, ta guje-guje a cikin kasuwa, domin darakta ya ce ba ya iya ganin ta da wani sauti. An bar masa. Makaɗan uku an rubuta sunayensu a farkon fim tare da na ƴan wasa, an kuma yi takarda da kowannensu da ta fayyace cewa an biya kuɗin ɗauka da na amfani a wannan fim kawai, in za a sa taken a talla ko a wani fim sai an koma gare su. An shawarci ƙungiyar ta kai takardun da kwafin kiɗan ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA, a yi rajista da sunan mai fiyano da mai goge tare, tunda karin uwar a hannun dattijon ya kammala.